Ɗan Daudu cikin Fina-finan Ban Dariya, da Yadda Ake Kallonsa a Ƙasar Zamfara

Tun wajen shekara hamsin da suka wuce masu shirya fim a ƙasashen Turai da Amurka suka buɗe wani fage na fina-finan ban dariya waɗanda ke ba da labarin zaman maza masu neman 'yan'uwansu maza a biranen zamani. Waɗansu daga cikin fina-finan nan raha ce zalla. Waɗansu kuwa dariyarsu da ɗaci, watau sukan ɗauki abin da ya kamata a yi wa kuka, kamar ciwo, ko kurkuku, ko korar da uba ke yi wa ɗansa, su mai da shi abin dariya. Mai nazarin Hausa da ya ji labarin wannan fage lalle ya tambaya ko akwai irinsa a fina-finan Hausa. Amsa a taƙaice ita ce babu. Amma akwai abin da ya yi kusa da shi, shi ne ɗan daudun fim ɗin barkwanci, wanda duk mai kallo daga Kano har Talata Mafara ya san tafiyarsa da muryarsa.

Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, dariya mai ɗaci tana nan cikin Hausa, tana ma bakin 'yan daudu su kansu, sai dai fim bai ɗauko ta ba. Ya ɗauko rangwaɗa da karya murya, ya baro hikimar a waje. An zaɓi a dubi al'amarin daga ƙasar Mafara da Bakura da Maradun saboda abu biyu: ƙasa ce ta gwanayen zambo, sa'an nan daga cikinta ne aka sami gwamnan da ya fara sake dokokin da suka canja matsayin ɗan daudu a Arewa.

Da fari sai an daidaita kalmomi, gama yawancin ruɗanin da ake yi daga nan yake tasowa. Kalmar luwaɗi daga Larabci take, tana komawa ga mutanen Annabi Luɗu, kuma sunan aiki ce, watau wani abu da mutum ya aikata, wanda Musulunci ya haramta ba tare da saɓani ba. Daudu kuwa sunan hali ne da sana'a: namiji mai magana da tafiya irin na mata, mai zama cikinsu, mai yin ayyukan da aka san su da su, tun ba dafa abincin sayarwa ba. Kalmar Ingilishi gay ta bambanta da duka biyun, don ita suna ce da mutum ke kiran kansa da shi, yana nufin irin wanda zuciyarsa ke so, ko da tafiyarsa da sana'arsa ba su rabu da na sauran maza ba. Akwai ɗan daudun da bai san luwaɗi ba, akwai kuma mai aikata shi wanda ba wanda zai taɓa kiransa ɗan daudu. Da yawa daga cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, waɗansu sun sauke farali. Malaman fiƙihu ma sun san wannan rarrabewa tun da daɗewa. Hadisin da ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata sananne ne, amma Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, cikin sharhinsa na Sahih Muslim ya raba mukhannasi gida biyu: wanda aka halitta da laushin magana da motsi, ba laifi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Mai kallon fim bai damu da wannan ba, yakan haɗa duka ya sa a kwando ɗaya.

Game da asalin sunan, abin da manazarta suka fi kawowa shi ne dangantakarsa da bori. Daudu laƙabi ne na Galadima, kuma cikin iskokin bori akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki kyakkyawa mai ado da caca da ɓarnar dukiya, wanda mata da 'yan daudu suke yi wa hidima a wurin wasa. Ko ma dai yaya sunan ya samu, zamanin Turawa ne ya ba sana'ar fili. Da aka yi hanyar jirgi da ta mota, bariki ta cika da ma'aikata da direbobi da fatake waɗanda suka baro iyalinsu, suna bukatar wanda zai dafa musu tuwo. Gidajen mata masu zaman kansu suka yawaita ƙarƙashin magajiya, 'yan daudu suka zauna a gefensu suna suyar kaji da sayar da abinci, waɗansu suna kawalci. Saboda haka tasha da kasuwa su ne mazaunin ɗan daudu, kuma a garuruwan kan hanya, irin waɗanda ke tsakanin Gusau da Sakkwato, matafiyi ya fi haɗuwa da shi yana riƙe da ludayi. Renée Pittin ta yi bayanin gidajen nan a Katsina cikin shekarun 1970, Gerald Kleis da Salisu Abdullahi suka rubuta a kan 'yan daudun Kano a 1983, sa'an nan Rudolf Gaudio ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009 bayan ya yi shekaru yana zama da su yana ɗaukar maganarsu.

Ba a taɓa rasa masu suka ba. Sa'adu Zungur, cikin waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya wadda ya yi wajen 1950, ya ambaci ɗan daudu da magajiya cikin abubuwan da za su jawo wa Arewa kunya. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa ta 1959, a sashe na 405, ta sa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Duk da haka zaman ya ci gaba bisa wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: a ci abincinsa, a gayyace shi biki ya taya mata aiki, a yi dariyar maganarsa, a kuma zage shi in an tashi wa'azi.

Yanzu sai a leƙa fina-finan waje, a ga inda suka bi. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar fim ta Amurka tana ƙarƙashin wata ƙa'idar tacewa da ta hana a nuna neman jinsi ko a ambace shi. Abin da ya rage wa masu fim shi ne wani ɗan wasa mai laƙwasa hannu da siririyar murya, yawanci tela ko mai jiran kanti, wanda yakan fito minti biyu a yi dariya ya wuce, ba a faɗi ko mene ne shi ba. Wannan shi ne ɗan'uwan ɗan daudun Kano na kusa. Daga baya al'amari ya juya. A 1978 Édouard Molinaro ya yi La Cage aux Folles a Faransa, labarin maza biyu masu gidan rawa da suka daɗe suna zaune tare, ɗan ɗayansu ya tashi auren 'yar wani ɗan siyasa mai da'awar gyaran tarbiyya, dole ɗaya ya yi shigar uwa don a karɓi surukai. Ƙarshen fim ɗin shi ɗan siyasar ne ya sa kayan mata don ya tsere wa 'yan jarida. An sake shi a Amurka a 1996 da sunan The Birdcage. Wannan raha ce mai sauƙi, amma ta riga ta juya bakin bindiga: wanda ake wa dariya a ƙarshe shi ne mai wa'azin da bai iya riƙe wa'azinsa ba.

Misalin mai ɗaci sosai shi ne I Love You Phillip Morris na 2009, wanda Jim Carrey da Ewan McGregor suka fito a ciki. Labarin gaske ne na wani ɗan damfara a Texas, Steven Russell, wanda ya yi ta tserewa daga kurkuku saboda wani da ya haɗu da shi a can. A wata tserewar sai ya ƙi cin abinci har ya rame, ya yi jabun takardun likita da ke nuna yana da ciwon sida, aka fitar da shi jinya, ya sulale, sa'an nan ya buga waya ya ba hukuma labarin mutuwarsa. Ciwon da ya kashe dubban irinsa shi ya mai da tsani. An kama shi, aka yanke masa shekara 144. Mai kallo yana dariya, cikinsa yana juyawa. Indiya ma, wadda Hausawa suka fi sanin fina-finanta, ta shiga fagen bayan kotun ƙolinta ta soke laifin a 2018: cikin Badhaai Do na 2022 wani ɗan sanda da wata malamar motsa jiki, kowannensu mai neman jinsinsa, suka auri juna don dangi su ƙyale su, sai dangin suka koma tambayar haihuwa.

Abin da ya haɗa fina-finan nan, in an lura, shi ne mai riƙe da dariyar. Wanda abin ya shafa shi ke ba da labari, ta idonsa ake ganin duniya, kuma shi ke fara yi wa halin da yake ciki dariya kafin wani ya yi. In aka karɓe dariyar daga hannunsa aka ba 'yan kallo, sai ta koma ba'a, ko da kalmomin ba su canja ba.

Hausa ba baƙuwar irin wannan dariya ba ce. Karin maganar da ake rataya wa wani hali cike suke da ita. "Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata." "Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo." "Gaba ta kai ni, gobarar Titi." Kowanne daga cikinsu masifa ce aka ba ta rigar murna, kuma mafi yawa wanda masifar ta faɗa wa shi ke jawo karin maganar a kansa. Mutumin Maradun ko Bakura da ya ga shekarun 'yan bindiga, ya ga an rufe kasuwannin mako an yanke layin waya a jihar a watan Satumba na 2021, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Ƙasar kuma ta san bambancin zambo da habaici fiye da kowace, don ita ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda asalinsa na ƙasar Bakura ne ya zauna a ta Maradun har ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, mawaƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana riƙe da Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Zambo a waƙar fada siffantawa ce: a ɗauki abokin hamayyar sarki, a zana tsayinsa ko tumbinsa ko rawaninsa yadda kowa zai gane shi ba a kira suna ba. Mai yin zambo yana tsaye a inuwar mai iko, wanda ake wa kuwa ba shi da bakin ramawa. Habaici makamin wanda ba shi da iko ne. Kishiya ke yi wa kishiya, bara ya yi wa ubangida, a jefa magana sama ta faɗo kan mai ita, in an tuhumi mai jifa ya ce da kaza yake. Wannan rarrabewa ita ce mabuɗin sauran bayanin. Ɗan daudun tasha gwanin habaici ne. Ɗan daudun fim kuwa zambo ne da aka sa wa ƙafafu.

Ya kamata a tsaya a kan maganar 'yan daudu kaɗan, don nan ne mai nazarin harshe zai fi samun abin yi. Hausa tana rarrabe jinsi a wurin da Ingilishi ba ya rarrabewa, watau cikin wakilin sunan wanda ake magana da shi: kai da ke, ka da ki, naka da naki. Ba yadda za a yi Bahaushe ya tambayi mutum ɗaya inda ya kwana, ba tare da ya yanke hukunci a kan ko namiji ne ko mace ba. Haka kuma ne da ce, waɗanda a bakin Zamfarawa da Sakkwatawa suke na da ta. Jam'i kuwa, da wakilin suna na boye irin na "an zo" da "a tafi", ba su nuna jinsi. Wannan tsari ya ba 'yan daudu abin wasa da Bature mai irin halinsu ba shi da shi. A tsakaninsu sukan kira juna da ke, su ce ƙawa, su ce uwar ɗaki da 'yar ɗaki, su raɗa wa juna sunayen mata. Gaudio ya nuna cewa ba kullum suke yin haka ba, kuma su da kansu sukan kira shi wasa. Alal misali, wanda ya ce wa abokinsa "Ke, ina kika shige tun safe?" in baƙon da ba a amince da shi ba ya tsaya sayen abinci, sai ya koma "Kai, miƙo wa malam kwano," ko ya fake a jam'i ya ce "Ku miƙo." Harafi ɗaya ke buɗe ƙofa, shi ke rufe ta. Akwai kuma kalmomin da suke juya wa ma'ana, kamar harka, wadda kowa ke amfani da ita a kan kasuwanci, su kuwa suna nufin wani abu dabam, har a yi zance a gaban mutum bai san an yi ba.

A nan akwai abin lura ga malamin nahawu. Cikin wasannin barkwanci an saba da wani mai rikita ka da ki, shi ne baƙon da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, irin Bagwaren wasa da ke ce wa matarsa "kai". Shi kuskure yake yi, dariyar rashin iyawa ake masa. Ɗan daudu kuwa ya san ƙa'idar sarai, da gangan yake taka ta, kuma ya san lokacin da zai daina. Fim yakan nuna su kamar abu ɗaya ne. Wanda ya saurari na gaske zai ga nisan da ke tsakani, gama a wurin jefa karin magana da mayar da baƙar magana nan take, mata da kansu sun sallama musu. Kuma mafi yawan abin da suke wa dariya shi ne halin da suke ciki: talauci, da tsufa ba ɗa a kusa, da samamen hukuma, da alhajin da ke gaishe su da dare ya ɗauke kai da rana.

Fim ɗin Hausa na kasuwa ya fara da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Kafin shekara goma sana'ar ta kasu biyu a bakin 'yan kasuwa: fina-finan soyayya masu waƙa da rawa bisa tsarin Indiya, da kuma camama, watau na barkwanci masu arha waɗanda akan ɗauka cikin 'yan kwanaki, yawanci a ƙauye. Masu ilmin boko sun raina camama, amma ita ce ta fi shiga karkara, kuma kaset ɗinta da ake sarowa daga Kano ya kai kasuwanni irin ta Talata a Mafara. Sarkin camama shi ne Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda aka fi sani da Ibro, an haife shi a 1971 ya rasu a watan Disamba na 2014. Dabararsa ɗaya ce: a ɗauki Ibro, baƙauye mai wayon banza, a sa masa rigar wani. Haka aka yi Ibro Usama a 2002, aka yi Ibro Saddam bayansa, aka yi Ibro Awilo. Cikin wannan jeri ne Ibro Ɗan Daudu ya fito, wanda Gaudio ya ba babi a littafinsa. Sunan kansa ya isa bayani. Daudu a nan riga ce cikin riguna, kamar gemun Usama, kuma daɗin kallon duk yana ga sanin cewa Ibro ne a ciki, zai kuwa tuɓe. Daga baya waɗansu 'yan wasa sun yi suna da wannan fitowa, kamar Ado Gwanja, wanda ya haɗa ta da waƙoƙin bikin mata, har ya sha bayyana wa masu tambaya cewa wasa ne yake yi.

In aka tara fitowar ɗan daudu a camama za a ga ba ta cika wuce abu kaɗan ba: ɗaurin zane a ƙirji, tafa hannu, riƙe haɓa, "wayyo ni" da "ahayye", faɗa da wata mace a kan saurayi ko kuɗin adashi. Ba a nuna shi shi kaɗai a ɗaki. Ba a nuna uwarsa, sai fa in za ta tsine masa. Ƙarshensa kuwa ɗayan biyu ne, ko a kore shi da duka, ko malami ya yi masa nasiha ya tuba, murya ta koma ta maza nan take kamar an kashe rediyo. Masu shirya fim suna kiran wannan faɗakarwa, kuma ba za a ce ƙarya suke yi ba, don ba su da wata hanyar da fim zai wuce hukuma. Amma sakamakonsa shi ne an sami sa'a guda ana sayar da dariyar daudu, a biya da minti uku na wa'azi.

Dalilin wannan tsari yana komawa ga abin da ya faro daga Zamfara. An ƙirƙiri jihar a 1996. Gwamnanta na farko na farar hula, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki ran 27 ga Janairu 2000, kuma a asibitin Talata Mafara aka zartar da haddin sata na farko a watan Maris na shekarar, a kan wani mutumin Jangebe. (Abin mamaki, garuruwan nan uku kowanne ya ba jihar gwamna: Bakura ta ba da Yarima, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari a 2011, Maradun ta ba da Bello Matawalle a 2019.) Kundin hukunce-hukuncen jihar ya sa wa luwaɗi bulala 100 da ɗaurin shekara ga wanda bai yi aure ba, da jifa ga mai aure. Aka rufe gidajen giya da na mata masu zaman kansu da na silima. Ko da yake ba daudu ce aka nufa kai tsaye ba, rufe gidajen nan ya rushe inuwar da sana'ar ke zaune a ciki. Jihohi goma sha ɗaya suka bi sawu. Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, kuma tun da Kano ce ke yi wa Arewa duka fim, abin da hukumar nan ta yarda da shi shi ne abin da mutumin Bakura zai gani. Ibro kansa bai tsira ba. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin hukumar, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga wasa sai ga shi a bayan ƙofar da ya saba kullewa, abin da ya fi kowane camama da ya yi kama da fina-finan da aka ambata a sama.

Sai kuma dokar tarayya ta hana auren jinsi, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014: shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga mai kafa ƙungiya ko mai nuna irin wannan soyayya a fili. Tun daga lokacin kalmar "auren jinsi" ta shiga bakin kowa, kuma bikin 'yan daudu, wanda da ake ɗauka taron ajo ne da liƙi, ya zama abin da Hisba ke kai wa samame da wannan suna. Rarrabewar da Nawawi ya yi, da wadda Hausa ta yi tsakanin daudu da luwaɗi, ta narke cikin kalmar da aka fassaro daga waje. 'Yan fina-finan da aka yi a Kudu a kan wannan rayuwa, kamar Ìfé na 2020 wanda aka saki ta intanet don hukumar tacewa ta ƙasa ta yi gargaɗi a kansa, da fim ɗin Babatunde Apalowo da ya ci kyauta a Balin a 2023, duk na baƙin ciki ne da ƙunci. Ba a yi na dariya ba. Da wuya mutum ya yi wa igiya dariya a gaban jama'a tana wuyansa.

Akwai kuma wani dalili da ba na doka ba, wanda ya fi doka zurfi. Fina-finan Turai da na Indiya na wannan fage kusan duk an gina su a kan ranar da asiri zai bayyana, kuma a wurinsu ranar nan ita ce sauƙi, daga ita sai sulhu da dangi. A wurin Bahaushe kuwa rufin asiri shi ne abin roƙo safe da yamma, tonon asiri shi ne masifar. 'Yan daudu ma wannan addu'a suke yi, ba su neman a san abin da ke bayan labule, abin da suke so a bar su da tukunyarsu. Saboda haka ko da an ɗage dokokin gobe, labarin da aka kwafo daga Faransa ba zai zauna a Mafara ba. Dariya mai ɗaci ta Hausa a kan wannan al'amari tana cikin abin da kowa ya sani ba wanda ya faɗa, kuma habaici ne kaɗai ke iya ɗaukar irin wannan kaya.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da rabo cikin maganar, ko sun so ko ba su so ba. Kusan kowace makarantar kwana tana da yaro mai siririyar murya ko mai son zama wurin girki, kuma sunan da 'yan'uwansa za su laƙaba masa, da tafiyar da za su kwaikwaya a bayansa, daga fim suka koyo su. Yaron bai aikata kome ba, sau da yawa ma bai san abin da ake nufi ba. Malamin da ya iya raba wa ɗalibansa zambo da habaici cikin waƙar Ɗanƙwairo, ya kuma iya nuna musu cewa ke da kai ƙa'idar nahawu ce, yana da abin da zai faɗa a ranar da aka kawo masa ƙarar, ba tare da ya taɓa hukuncin addini a kan luwaɗi ba, wanda ba shi ne ake tuhumar yaron da shi ba.

A 2022 wani ɗan majalisar wakilai daga Bauci ya gabatar da ƙudurin hana shigar jinsin da ba na mutum ba, amma ya keɓe masu yin haka a wasan kwaikwayo, watau a hukunta na tasha a bar na fim. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan wasa ne, ta bi ta ɗaya gefen: ta hana fina-finan da ke nuna daba da daudu gaba ɗaya. Tsofaffin fina-finan Ibro kuwa suna nan a YouTube da cikin kwamfutocin masu tura fina-finai a waya, a Mafara kamar a ko'ina, ana tura su tare da na Indiya masu fassara.